Noman da Na Yi a Dutsen Kirtau

Da sunan Allah mai saukar da ruwa a lokacin da ya so, mai ɓoye sirrin tsiro a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Sallau, mutumin Tsamiyar Bawa, wanda ya bar gida yana ɗan shekara goma sha tara, ya komo bayan shekara tara da jakar da ba kome a cikinta sai wando ɗaya da bakin fartanya marar ƙota. Tun da na sauka mutane ke tare ni a ƙofar masallaci da bakin rijiya suna cewa, "To ɗan yawon duniya, ina tsarabarmu?" Na gaji da murmushin dole. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru, don mai son sani ya karanta ba sai na dubi idonsa ba.

Mahaifina manomi ne, ni kuwa tun ina ƙarami gona ba ta zauna mini a rai ba. Sau da yawa yakan durƙusa a gindin gero inda ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya fito, ya tona ƙasa da yatsa, ya ce, "Anaruwa, zo ka ga wani abu." Sai in ce, "Na gani, Baba," alhali idona yana kan hanyar fatake. Abin da na koya daga gare shi ɗaya ne, shi ma don ba ya bukatar tunani: riƙon fartanya. Da noma kam, ko sa'o'ina sun san ina da sauri.

Wata rana wani falke mai ido ɗaya ya sauka a zaurenmu, ya ba da labarin wani fure da ake kira yalmu a can Dutsen Kirtau, bayan Kogin Yashi. Ya ce furen nan ya san ranar da damina za ta sauka, yakan buɗe kwana uku kafin ruwan shuka, bai taɓa kuskure ba. Na ce a raina, wanda ya kawo wannan fure ƙasarmu, sarakuna za su miƙe masa. Kafin wata ya mutu na ɗaure kayana. Mahaifina bai hana ni ba. Ya dai ce, "Ka bari a gama noman maimai mana." Ban bari ba.

Na yi tafiyar wata bakwai kafin na kai Kogin Yashi. Kogi ne sosai, yana gudu yana ƙugi, amma ba ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne zalla. Ba a haye shi sai a bayan wasu kunkuraye, kowane ya kai girman rumbu, kuma kwana uku suke yi kafin su kai waccan gaɓar. Mai kula da su ya gargaɗe ni, ya ce, "Samari, kada ka sauka sai dabbar nan ta tsaya da kanta." A rana ta uku na ga gaɓa ga ta nan, taku goma bai fi ba, kunkuru kuwa yana ta jan jiki kamar ba ya so. Na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Na yi tsalle. Yashi ya haɗiye ni har ƙirji. Da na ga abin ba wasa, na tuɓe babbar rigata na shimfiɗa ta, na kwanta a kai rub da ciki, na yi ta jan jiki. Na fita ba riga ba takalmi, na tarar kunkuru ya riga ni isa, yana kallona.

Daga nan na shiga Kurmin Amsa. Itatuwan wannan kurmi suna riƙe maganar duk wanda ya ratsa, suna maimaita ta ga masu zuwa baya. Na ji muryoyin matafiya, wani yana addu'a, wani yana kiran sunan uwarsa, wani yana tsine wa jakinsa. Abin ya ba ni sha'awa. Na tsaya a tsakiyar kurmi, ba riga a jikina, na buɗe murya na ce, "Ni ne Anaruwa ɗan Sallau, wanda zai sa damina a aljihu!" Itatuwa suka karɓa, suka yi ta jefa wa juna. Na wuce ina jin daɗi.

Bayan wata huɗu kuma na hau Dutsen Kirtau. Mutanen wurin suna noma ne a kan dakalai da suka gina da duwatsu a jikin tsauni, hawa-hawa, kowane dakali faɗinsa bai wuce tabarma uku ba. Ƙasarsu tana da wani hali. Da bazara ruwa yakan zuba kamar da bakin ƙwarya, sau biyu ko sau uku, ƙasa ta jiƙe sharkaf, sa'an nan sama ta rufe har kwana talatin ko arba'in. Wannan suke kira ruwan yaudara. Wanda ya shuka a kansa, iri zai tsira ya ƙone, kuma ba su da irin shuka biyu. Ba wanda ke iya bambanta shi da ruwan gaskiya, ko tsofaffinsu, sai yalmu.

Aka sauke ni a gidan mai tsaron furen, wata tsohuwa gajeriya mai ciwon gwiwa, ana ce mata Inna Tabirka. Al'adarsu ita ce baƙo yakan yi kwana arba'in ba a tambayarsa abin da ya kawo shi, ba a sa shi aiki, ba a kuma sanar da shi sirrin gari. Ci da sha kawai. A cikin kwanakin nan na fara tsintar harshensu, na kuma matsa wa Inna har ta yarda in raka ta wurin furen.

Wani lungu ne a fuskar gabas ta dutsen, sama da inda tsamiya ke daina fita, a kan jar marmara mai ruɓewa a hannu. Rana takan same shi daga fitowarta zuwa hantsi, daga nan sai inuwa. Na ƙirga tsiro sittin da huɗu. Ba wani abin kallo ba ne: ganye biyu masu kauri kwance a ƙasa, da ɗan tsinke a tsakiya mai kai kamar ƙwayar gyaɗa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata muguwar ƙaya mai yaɗo, suna ce mata burzu, ta lulluɓe wurin gaba ɗaya, ta hau kan ganyen, ta shaƙe kome. Inna na ratsawa a hankali tana ɗage zanenta, ƙaya na yagar ƙafafunta.

Na ce, "Inna, wannan ƙaya fa?"

Ta ce, "Saura kwana nawa ka cika arba'in?"

Na ce, "Bakwai."

Ta ce, "To ka ci tuwonka, ɗan nan."

Na koma gida ina cewa a raina, tsufa ne ya ci ƙarfinta, kunya ce ta hana ta faɗa. Ga ni ƙato, ina cin abincin tsohuwa safe da yamma. Kuma, in faɗi gaskiya, na lissafa cewa in na yi musu abin kirki ba za su iya hana ni tsiro biyu ko uku in tafi da su ba.

Washegari ranar kasuwa ce a gindin dutse, gari duk ya sauka, har Inna an ɗora ta a kan jaki. Na ɗauki fartanya a bayan rumbu na hau. Tun hantsi nake sara har la'asar. Ban taɓa yin noma mai kyau irin na ranar nan ba. Na bi kowane tsiro na kewaye shi, ban taɓa ko ganye ɗaya ba. Na tumɓuke burzu har saiwa, na ga wasu fararen zare-zare suna tsinkewa a jikin saiwoyin, na karkaɗe su na jefar. Na tara ƙayar waje ɗaya na cinna mata wuta. Wuri ya yi fes kamar tsakar gidan amarya.

Hayaƙin ne ya hau da su da gudu. Na tsaya da fartanya a kafaɗa, hannuwana duk jini, ina murmushi. Na ce, "A ƙasarmu haka muke yi."

Wata mata ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe kanta da zane. Sarkin nomansu, wani dogon mutum mai suna Harbo, ya taho ya karɓi fartanyar daga kafaɗata, ya karya ƙotar a gwiwarsa, ya sa bakin a jakarsa. Aka kawo Inna. Ta daɗe tana duban wurin. Ta durƙusa da ƙyar, ta tona gindin tsiro ɗaya da yatsa, ta ɗago wani farin zare tsinkakke.

Ta ce, "Yalmu ba shi da saiwar shan ruwa, ɗan nan. Wannan zaren yake sokawa a jikin burzu, a nan yake ci, a nan yake sha. Saiwar burzu ce ke nitsawa gaba goma cikin dutse, ita ke jin motsin damina. Shi fure faɗa kawai yake yi." Ta miƙe tana dafa kafaɗar jikanyarta Nanduwa, ta dubi hannuwana. "Sannu da aiki. Ka sha ƙaya. Nanduwa, ki dafa masa ruwan zafi."

Da dukana suka yi da na fi samun sauƙi. Amma kwanakin baƙuntata ba su cika ba, don haka da yamma aka kawo mini tuwo da miyar kaza kamar kullum. Harbo ne kaɗai ya leƙo ya ce, "A ci lafiya, Manomi." Sunan nan ya bi ni har na bar ƙasar.

Cikin kwana tara tsiro sittin da huɗu suka yi yaushi, suka bushe, iska ta kwashe. Saura wata biyu bazara ta kawo ruwanta, gari na da iri a rumbu, ba su da mai faɗa musu ranar shuka.

Ga abin da ya fi nauyi a bakina. A rana ta goma, gari ya fara haske, na ɗauki jakata na sulale ta bayan gida zan gudu. Ina shan kwanar farko sai ga Inna zaune a kan dutse, da ƙunshi a cinyarta.

Ta ce, "Na san yau ne. Ga dambu, zai kai ka kwana biyar. Kada ka bi ta hagu, hanyar ta zube bara."

Na tsaya kamar an kafa ni. Na ce, "Inna, ki zage ni mana."

Ta ce, "In zage ka ya tsiro? Ai ni ce ban faɗa maka ba. Na riƙe al'ada, na saki fure."

Na ajiye jaka na zauna a ƙasa. Da na iya magana na ce, "Ba wani wuri a duniya da yake fita?"

Ta ce kakarta ta taɓa ambata mata wurare uku. Ta ce in zan nema, kada in nemi fure, in nemi abu huɗu a haɗe: fuskar gabas, jar marmara, kashin agwada, da gidan tururuwa. Don irin burzu ba ya tsira sai ya bi ta cikin agwada, dabbar nan mai kama da zomo da ke zama a tsagin duwatsu, irin yalmu kuwa ƙura ne, tururuwa ke kwashe shi ta kai rami, a can yake kwanciya har saiwar burzu ta zo kusa da shi. Ta lissafa mini wuraren: Kwazazzabon Gishiri, da Lambun Dandama, da wani tsauni mai tsini, ta nuna mini shi da sandarta a hayin wani rami mai zurfin da ba a ganin ƙasansa. "Wancan Hancin Gauraka ne. Ido na kaiwa, ƙafa kuwa sai ta yi zagayen wata guda. In a can ne, ranar da ya buɗe ka tada hayaƙi biyu, za mu gani. Kada ka tumɓuke kome, ka ji ko? Kome."

Na kai Kwazazzabon Gishiri cikin kwana tara. Fuskar gabas tana nan, marmara tana nan, amma masu haƙar gishiri sun cinye agwada tun zamanin iyayensu. Ba agwada, ba burzu, ba yalmu. Wani tsoho a cikinsu ya ce yana yaro ya taɓa ganin wani shuɗin abu a can sama, bai san ranar da ya daina gani ba.

Na ƙara kwana goma sha biyu na isa birnin Dandama. Da na ambaci yalmu a ƙofar gari, dogarai suka kama hannuna suka kai ni lambun sarki. Katanga ce ta farin dutse, ciki an share ƙasa ƙal, ba tsinke ɗaya, ma'aikata ɗari suna zuba ruwa da tuluna. A tsakiya ga furanni jere reras, shuɗaye, suna ƙyalli. Na matsa kusa, sai na ga na tagulla ne da gilashi. Wani mai ban ruwa ya raɗa mini ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Kakan sarkin nan ne ya sa aka nome ƙayar don ta yagi alkyabbarsa. Duk baƙon da ya ce furen ba rai, tulu ake ba shi har mutuwa. Ni shekarata ashirin da biyu."

Sarki ya fito, mutum mai sanyin murya, ya ce, "Baƙo, me ka gani?"

Na faɗi na yi gaisuwa. Na dubi wurin nan da aka share fes, na ga aikin hannuna ne aka yi wa katanga. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga lambun da ban taɓa ganin mai tsabtarsa ba sai guda ɗaya. Abu ɗaya ya rage masa. A ƙasashen da na ratsa, wannan fure ba ya cika kyau sai da kashin agwadar tsauni."

Fadawa suka dubi juna. Sarki ya ce, "Ina ake samu?"

Na ce, "Hancin Gauraka, ranka ya daɗe. Sai dai akwai bika a can."

Da jin bika, ba wanda ya nemi ya raka ni. Aka ba ni jaki da guzuri da kwanduna biyu. Har yau Sarkin Dandama yana jirana.

Bikan Hancin Gauraka manyan birai ne, kowanne ya kai tsayin mutum, kuma duk abin da ya hau dutsensu a tsaye jifa suke yi. Ranar farko suka fasa mini goshi. Rana ta biyu jakin ya tsinke igiya ya koma inda ya fito. Na ɓuya a wani kogo, kuma a karo na farko a rayuwata na zauna wuri ɗaya ina kallo, don ba ni da wata dabara. Kwana huɗu ina kallonsu. Na lura ƙaramin bika in zai wuce gaban babba, da baya-baya yake tafiya, kai a ƙasa. Na lura kuma ba sa kula agwada ko ta bi ta kan ƙafarsu. Sai na kwaɓa kashin agwada da ruwa na shafe jikina tun daga kai har ƙafa, na durƙusa da hannu da gwiwa, na hau dutsen nan da baya-baya. Babbansu ya zo ya shinshina ni, ya yi atishawa, ya juya mini ƙeya. Haka wanda zai sa damina a aljihu ya shiga fadar birai.

A can sama, a fuskar gabas, na tarar da burzu ta yi sarƙaƙiya har gwiwa. Na kwanta rub da ciki na ɗaga ƙayar da ɗan tsinke. Ganye biyu masu kauri. Na ƙirga ɗari da goma sha ɗaya. Na yi kuka har bika suka taru suna kallona.

Na tara itace tuli biyu da ɗanyen ganye, na zauna jira. Bayan kwana shida hadari ya haɗo, ruwa ya kece tun hantsi har azahar. Bayan kwana biyu ya sake, ya ma fi na farko. Ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta ya cika hanci, duk jinin manomi da ke jikina yana cewa shuka. Na duba yalmu, kawunansa a rufe gam. Zuciyata ta ce, wa ya sani ko na nan dutsen ya bambanta da na can? Wa ya sani ko makara yake yi? In ka yi shiru damina ta wuce su fa? Na ɗauki ƙyastu zan kunna wutar hayaƙin har sau uku ina ajiyewa. A ƙarshe na jefa shi cikin wani tsagin dutse inda sai na yi wahala kafin in ciro.

Da gari ya washe na hango dakalan Kirtau a hayin rami. Mutane sun fito kamar tururuwa, suna sunkuyawa suna miƙewa. Rabin dakalan ake shukawa, rabi ba kowa. Daga baya na ji yadda aka yi. Harbo ya tara gari ya ce, "Za mu zauna jiran hayaƙin wanda ya ƙone mu? Yana can ƙasarsu yana ba da labarinmu ana dariya." Inna ta ce, "Ni dai irina yana nan a rumbu." Aka rabu biyu. Ina kallonsu, murya ba ta kaiwa.

Sama ta rufe. Dakalan da aka shuka suka yi kore shar, sa'an nan suka yi ruwan ɗorawa, sa'an nan suka koma launin ƙasa. Kwana talatin da ɗaya ina cin 'ya'yan burzu tare da bika, ina kallon abin da fartanyata ta jawo.

A safiya ta talatin da biyu, sama tas ba ko gizagizai, rana na taɓa dutsen sai na ji wani ƙamshi kamar na sabon tulu da aka zuba wa ruwa. Na ɗaga ƙaya. Kawunan nan sun tsage, kowanne ya fitar da kunnuwa biyar, shuɗi mai duhu kamar rini na bakwai, da ɗigon fari a tsakiya. Faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba. Wasu ƙananan ƙudan zuma baƙaƙe suka fito daga tsagin marmara suka rufe su. Kafin azahar furannin sun rufe abinsu. Na fasa farce biyu wajen ciro ƙyastu, na tada hayaƙi biyu har suka tokare sama. Can da la'asar na ga hayaƙi ɗaya siriri ya tashi daga Kirtau.

A rana ta uku ruwa ya sauka, bai ɗauke ba sai kaka.

Rabin gari suka girbe, suka raba da rabin da ba su girbe ba. Aka yi shekarar tuwo sau ɗaya a yini. Gida biyar suka tashi suka bar dutsen, ba su komo ba. Harbo ya sayar da shanunsa duka ya sayo wa mutanensa iri. Da na sauko na je gaishe shi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Manomi, ashe kana nan. Wanka fa, ko shi ma a ƙasarku ba a yi?" Ya tura mini ƙwaryar kunu da ƙafa.

Shekara bakwai na yi ina zagayen ramin nan. Kowace bazara ina Hancin Gauraka ina jiran fure, kowace kaka ina saukowa da kwando biyu, ɗaya kashin agwada, ɗaya ƙasar gidan tururuwa, ina zubawa a lungun da na nome. Yaran gari sun sa wa wurin suna Noman Baƙo. A shekara ta biyu burzu ta tsiro. Da ta fara yagar ƙafata na ji kamar an yi mini kyauta. A ta huɗu Nanduwa ta ga ganye biyu. Muka ɗauko Inna a kan jaki, idonta ya riga ya yi rauni, ta shafa ganyen da yatsa ta ce, "Shi ne. Sai ya shekara uku kafin ya yi magana." Ba ta kai ba. Ta rasu a shekara ta biyar, ina can kan tsauni, sai da na sauko na tarar da kabari.

A ta bakwai, ina shirin tada hayaƙina, sai na ga hayaƙi biyu sun riga ni tashi daga Kirtau. Fure huɗu ne suka buɗe. Huɗu, a inda na tarar da sittin da huɗu.

Ranar da zan tafi Nanduwa, wadda ta gaji tsaron, ta ce ko in ɗauki ƙasar tururuwa kaɗan in gwada a ƙasarmu. Na ce a'a, ba mu da marmarar, ba mu da agwadar. Harbo ya raka ni har kwanar da na taɓa tarar da Inna. Ya ciro bakin fartanyar nan daga jakarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Na so in rataye shi a ƙofar gari don jikoki. Amma kai ka fi bukatarsa. Sauka lafiya, Anaruwa." Ranar ce kaɗai ya kira sunana.

Da na shiga Kurmin Amsa, tun daga bakinsa na ji wata murya ta yaro mai ƙoshi tana cewa, "Ni ne Anaruwa ɗan Sallau, wanda zai sa damina a aljihu!" Akwai wasu fatake tare da ni, suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Kai, ko wane sakarai ne wannan?" Na ce, "Ni ne." Itatuwa suka karɓi wannan ma. A Kogin Yashi kuwa sai da kunkuru ya tsaya, ya juyo ya dube ni, sa'an nan na sauka.

Na tarar da mahaifina ya yi furfura, yana gyaran ƙota a zaure. Bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, mutane sun watse, na ba shi labarin nan duka, ban rage kome ba. Ya saurara yana fiƙe itacensa. Da na kai wurin fararen zaren sai wuƙar ta tsaya.

Ya ce, "Kafin ka sara, ba ka tona gindin guda ɗaya ka duba ba?"

Na ce, "Ban tona ba, Baba."

Ya ce, "Ai halin ƙuduji ke nan a gindin gero. Sau nawa na nuna maka?"

Na ce, "Sau da yawa."

"Kana cewa ka gani."

Na sunkuyar da kai. Ya miƙo hannu ya ɗauki bakin fartanyar Kirtau, ya juya shi, ya gwada shi a ƙotar da yake fiƙewa, ya ga ya zauna. Ya buga shi da dutse sau uku ya miƙo mini.

Washegari muka tafi gona tare. Na kama kunya ta farko, na yi taku biyar, sai ga wani tsiro mai ɗan jan kara wanda ban san sunansa ba. Na tsaya. Na durƙusa na fara tona gindinsa da yatsa a hankali. Mahaifina ya kai ƙarshen kunyarsa ya juyo, ya tarar ina nan inda ya bar ni.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya taho ya leƙa. Ya daɗe yana kallona, ba tsiron ba. Sa'an nan ya ce, "Wannan ciyawa ce kawai, Anaruwa. Nome ta, rana na yi."